Gidan da ambaliyar Maiduguri ta rusa: shin wan miji yana da ikon sayar da shi?

Barista, assalamu alaikum. Ni mazauniyar Maiduguri ce. A daren da ruwa ya shigo gari na rasa maigidana da mahaifiyarsa, wadda take zaune tare da mu. Ni da yara uku muka tsira, namiji ɗaya da mata biyu, kuma babu wanda ya balaga a cikinsu. Gidan maigidana ne ya sayi filin ya gina da kuɗinsa, amma rabinsa ya rushe, takardun kuma sun bi ruwa. Na sayar da sarƙata da 'yan kunnena, na haɗa da kuɗin tallafin da aka ba mu, na tayar da ɗaki biyu muka koma. Yanzu wan maigidana ya ce yana da rabo a gidan ta wajen mahaifiyarsu, kuma shi ne uban yaran a yanzu, don haka zai sa dillali ya sayar a raba kuɗin. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa. Mene ne matsayina?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan maigidanki da mahaifiyarsa da dukkan waɗanda suka rasu sakamakon ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a daren wayewar 10 ga Satumba, 2024, ya kuma raya abin da suka bari. Bisa abin da kika rubuto, wan mijinki ba shi da ikon sayar da gidan nan, kuma ko rabon da yake ikirari a cikinsa ba zai tabbata ba sai ya kawo shaida a gaban alƙali a kan wani al'amari guda, wato cewa mahaifiyarsu ta rayu bayan rasuwar ɗanta.

Tunda mamatan Musulmi ne, rabon gadonsu yana ƙarƙashin shari'ar Musulunci, kuma sashe na 277 na kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya gado da wasiyya da kula da marayu cikin al'amuran da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha ke da hurumi a kansu. Kotunanmu na Arewa suna hukunci ne da mazhabar Malikiyya, wadda a cikinta ɗa namiji yake katange ɗan'uwan mamaci daga gado baki ɗaya. Saboda haka wan mijinki, a matsayinsa na ɗan'uwa, ba ya cin ko ƙwandala a dukiyar ƙaninsa matuƙar ɗanki yana raye. Da alama shi ma ya san haka, shi ya sa ya biyo ta wajen mahaifiyarsu.

Hujjarsa ita ce uwa tana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, a dukiyar ɗanta idan ya bar 'ya'ya, kuma da zarar ta rasu wannan sudusin ya zama na magadanta, waɗanda shi ne a gaba cikinsu, 'ya'yanki kuwa ba su da rabo a ciki domin baffansu ya katange su. Wannan lissafi daidai ne, amma yana da sharaɗi: dole ne a tabbatar magaji yana raye a lokacin da wanda zai gada ya cika, ko da kuwa na ɗan lokaci kaɗan ne. Idan mutum biyu masu gadon juna suka rasu a nutsewa ko rushewar gini ko gobara, ba a kuma san wanda ya riga wani ba, Malikiyya ta hana su gadon juna, sai dukiyar kowannensu ta tafi ga magadansa da suke raye. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa waɗanda aka kashe a yaƙin Raƙumi da Siffin da Harra ba a sa sun gaji juna ba sai wanda aka san ya riga ɗan'uwansa mutuwa, kuma ya ce hukuncin ɗaya ne ga waɗanda suka nutse. Hanbaliyya suna da wani ra'ayi dabam, amma ba da shi kotunanmu ke aiki ba. Wataƙila wani ya kawo miki maganar sashe na 164 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya ce idan ba a san wanda ya riga mutuwa ba a ɗauka babba ne ya riga ƙarami. Ko da an bi wannan, mahaifiyar ce za a ɗauka ta riga ɗanta, don haka nan ma babu sudusin da zai fito daga gidan.

Domin ki ga nauyin maganar, mu ƙaddara cewa bayan an fitar da bashi da wasiyya gidan ya kai naira miliyan 12. Idan ba a san wanda ya riga ba, kina da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, naira miliyan 1 da dubu 500 ke nan, sauran miliyan 10 da dubu 500 kuma na yaranki ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Idan aka tabbatar mahaifiyar ta rayu bayan ɗanta, tumuninki ba ya canzawa, amma za a cire mata miliyan 2 daga abin da zai je wa yaran, kuma wannan miliyan 2 ɗin ce wan mijinki zai raba da sauran 'ya'yanta idan akwai. Akwai kuma fuska ta uku da ba kasafai ake tunawa da ita ba: idan shaida ta nuna mahaifiyar ce ta riga rasuwa, to maigidanki ya gaje ta, kuma rabonsa daga gonarta ko gidanta ko zinarenta ya dawo gare ku ke da yaran.

Nauyin kawo shaida yana kan mai da'awa, kuma shi ne mai da'awa a nan. Cewa an fara tsintar gawar wane kafin ta wance ba ya nuna wanda ya fara cikawa. Abin da alƙali zai nema shi ne mutanen da suka gan ta da rai bayan an tabbatar ɗanta ya rasu, misali idan an ciro ta tana numfashi aka nufi asibiti da ita, ko ta kwana a sansanin da aka tsugunar da jama'a kafin rai ya yi halinsa. Ke kina wurin a daren, kuma na san tuna shi ba abu ne mai sauƙi ba, amma ina roƙonki ki rubuta abin da kika gani da idonki tun yanzu, tare da sunayen maƙwabtan da suka taimaka wajen ceto da waɗanda suka yi wanka da sutura, domin mutanen unguwannin da ruwa ya ci sun warwatsu, kuma nemo su yana ƙara wuya kullum. Idan kin san a ranki cewa ta rayu bayansa, ki faɗi gaskiya a kotu, domin sudusin nan haƙƙinta ne, kuma bai kamata a ciyar da marayu da abin da ba nasu ba.

Game da cewa shi ne uban yaran a yanzu, wannan magana ce ta zumunci, kuma tana da kyau idan ma'anarta kulawa ce da ɗaukar ɗawainiya. A shari'a kuwa, Malikiyya ta ba da ikon juya dukiyar yaro ga mahaifinsa, sai wasiyyin da mahaifin ya naɗa, sai alƙali ko wanda alƙali ya wakilta. Baffa ba ya cikin wannan jeri, kuma dole in gaya miki cewa uwa ma ba ta ciki sai an naɗa ta. Abin da kike da shi kai tsaye shi ne haƙƙin reno, na namiji har ya balaga, na mata har su tare a ɗakin mazajensu, kuma yana iya komawa hannun mahaifiyarki idan kika auri wanda ba muharramin yaran ba. Don haka idan maigidanki bai bar wasiyyi ba, ki nemi kotu ta naɗa ki mai kula da rabon yaran, ko ta naɗa wani amintacce da ku biyun kuka yarda da shi. Ko wanda aka naɗa ma ba ya sayar da gidan maraya haka kawai, sai an nuna wa alƙali buƙata ko maslaha bayyananniya, an kuma tabbatar kuɗin da aka taya ya kai darajar gidan. Ko da an ba wan mijinki rabo daga sudusi, kina iya neman a kimanta shi a biya shi da kuɗi, gidan ya tsaya.

Dokar ƙasa ma ta ɗaure hannunsa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sanya filayen birni a hannun gwamna, sashe na 22 ya hana sayar da fili mai takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi saɓanin haka ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Sai dai kada ki dogara da wannan ki naɗe hannu, domin a zahiri gidaje da yawa ana cinikinsu ne da takardar yarjejeniya da sa hannun bulama ko lawani, kuma idan mai saye ya biya ya fara gini, fitar da shi shari'a ce mai tsawo da cin kuɗi. Ki sanar da bulaman unguwarku a rubuce cewa gidan na magada ne kuma akwai marayu a ciki, ki aika irin wannan wasiƙa ga hukumar BOGIS mai kula da bayanan filaye a Jihar Borno, sannan idan kin shigar da ƙarar rabon gado ki roƙi alƙali ya ba da umarnin dakatar da duk wani ciniki har a kammala.

Ɓacewar takarda ba ta ƙwace mallaka. Idan gidan yana da C of O, fayil ɗinsa yana wurin hukuma, kuma hanyar da aka saba bi ita ce a yi takardar rantsuwa a kotu, a karɓi rahoton 'yan sanda, galibi a buga sanarwa a jarida, sannan a nemi kwafin da hukuma ta tabbatar. Idan kuwa takardar ciniki ce kawai, ki nemo wanda ya sayar da filin ko magadansa, da shaidun cinikin, da maƙwabta na iyaka. Haka nan ki karɓi takardar shaidar rasuwar su biyun daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin banki da ofishin fansho ba za su saurare ki ba sai da ita.

Sauran maganar kuɗin da kika zuba. Zinarenki naki ne, ba ya cikin tarika, wato dukiyar da mamaci ya bari, kuma kin kashe shi ne a kan gidan da ya zama na tarayya tun ranar rasuwar, don haka kina da damar neman a lissafa miki kafin a raba. Ba zan yi miki alƙawarin cewa za a mayar miki da shi cif ba, domin alƙali zai duba ko kin yi da niyyar kyauta ga 'ya'yanki ne ko da niyyar a biya ki, da kuma ko aikin na larura ne. A ganina tayar da ɗakin da marayu za su kwana bayan ambaliya larura ce da ba ta buƙatar dogon bayani. Ki tattara rasiɗin siminti da bulo da kwano, da bayanin tura kuɗi na banki, da hotunan gidan kafin gyara, ki kuma riƙe sunan magini da maƙerin da ya sayi zinaren. A al'amarin dukiya Malikiyya tana karɓar shaidar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Idan akwai ragowar sadakinki da ba a biya ba, shi ma bashi ne da ake fitarwa kafin gado.

Kuɗin tallafi kuwa ba gado ba ne, tunda maigidanki bai mallake shi ba yana raye. Yana bin manufar wanda ya bayar: abin da aka bayar domin ci da sutura na mutanen gidan da suka tsira ne, abin da aka bayar domin gyaran gini kuma kin sa shi inda aka nufa. Wan mijinki ba shi da abin nema a ciki.

Duk wannan na gina shi ne a kan maganarki cewa maigidanki ne ya sayi filin. Idan ya bayyana cewa asalinsa na mahaifinsu ne kuma ba a taɓa raba gadon ba, lissafin zai canza, domin sai an fara raba wancan gadon tukuna. Kafin a kai ga kotu, babu laifi a zauna da wan mijinki a gaban malamin da ya san fara'ili, wato ilimin rabon gado, da dattawan ɓangarorin biyu, domin baffan 'ya'yanki ne, kuma mai yiwuwa ya zama waliyyin auren 'yan matan nan gaba, kuma sau da yawa idan aka zana wa mutum lissafin a gabansa yakan janye. Amma duk sulhun da ya taɓa rabon yara sai an kai shi gaban alƙali ya amince, domin ba ki da ikon yafe haƙƙinsu ko da kin so. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a kan wata takarda da ba a karanta miki ba a gaban wanda kika yarda da shi, kada kuma ki fita daga gidan. Idan kuɗin lauya ya yi miki nauyi, ki je ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a Maiduguri, ki tafi da duk takardun da kika tattara da sunayen shaidunki.