Dusar ƙanƙara ta kulle min ɗa a ɗaki

TAMBAYA: Salamu alaikum, Anti. Ni uwa ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Autana yana karatu a Montreyal ta ƙasar Kanada, kuma wannan ne sanyinsa na farko a can. Shekaranjiya ya turo hoto ta WhatsApp: ya buɗe ƙofa, farin abu ya kai masa gwiwa, motocin bakin titi sun koma kamar kaburbura. Ya ce kwana biyu bai leƙa waje ba, kuran, wato wutar lantarki, ma ta ɗauke. Na ce ya nemi gawayi ya hura a ɗaki yadda muke yi da hunturu, sai ya yi dariya. Tun jiya da magariba wayarsa ba ta shiga, ban runtsa ba. Me zan gaya masa? Juma'ar da ta wuce shi fa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kwantar miki da hankali. Amma kafin komai, maganar gawayin nan ki janye ta. Dariyar da yaron ya yi miki, Allah ya sa ta ƙi ce.

Mu nan kaskon garwashi yana yi mana sassauci ne don ɗakunanmu suna shan iska: ga ƙasan ƙofa a buɗe, ga taga da asabari kawai. Duk da haka, wa bai taɓa tashi da ciwon kai ba bayan ya kwana da kasko? Ɗakunan can kuwa gilashin tagarsu biyu-biyu ne, an liƙe bakin ƙofa da roba, ko sauro ba shi da mashiga. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba, ba launi ba wari. Takan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi, daga nan ba a farkawa. Haka janareta, wanda mu muke ce wa gurub, in an tayar da shi cikin gida ko gareji, haka murhun gas in an bar shi yana ci don ɗumama ɗaki. A watan Afrilun 2023, da ƙanƙara ta katse wa gidaje sama da miliyan ɗaya wuta a lardin Kebek, inda Montreal take, mutane da dama wannan iskar ce ta kai su asibiti.

Na yi sanyi biyu a Montreal ɗin lokacin da na je kwas. Ranar da dusa ta fara rufe ni, na ja ƙofa sai na ga zanen ƙofar kwance a jikin dusar kamar an buga hatimi. Matakalar ƙarfen da ke hawa ɗakina ta waje ta ɓace ɗungurungum. Na shaƙi iska ɗaya, na ji gashin hancina ya daskare. Ni da nake ƙorafin hunturun Damagaram, inda da wuya sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, ga ni cikin digiri 20 ƙasa da sifili. Madarata ma a bayan taga na ajiye ta, ta fi firji.

Sai dai ki sani, garin ya saba. Dusar da ke zuba masa a shekara takan kai wajen mita 2, kuma a Fabrairun 2025 sama da santimita 70 ta sauka cikin kwana huɗu, mutane suka haƙe ƙofofinsu da shebur suka ci gaba da harka. Jirgin ƙasan cikin gari da suke ce wa metro gaba ɗayansa a ƙarƙashin ƙasa yake. Da dare za ka ji jiniyar motocin janwe suna zagaye, suna gargaɗin masu mota su kawar kafin a kwashe titi. Ni daren farko na zaci gobara ce, har na ɗauko fasfo.

Ɗaukewar wutar ce ta fi damuna, don yawancin gidajen Kebek da lantarki suke ɗumama ɗaki. Har yau suna ba da labarin Janairun 1998, da ruwa mai daskarewa ya karya manyan turakun wuta, wasu garuruwa suka yi makonni a duhu. To ki ce masa ya tattara a ɗaki ɗaya, mafi ƙanƙanta, ya toshe ƙasan ƙofa da tawul. Riga uku marasa kauri sun fi babba ɗaya. Hula da safa kada su bar jikinsa ko a gado. Ya bar famfo yana ɗiga kaɗan don kada bututu ya daskare ya fashe. In sanyin ɗakin ya fi ƙarfinsa, hukumar gari takan buɗe wuraren shan ɗumi, kuma maƙwabci ba abin kunya ba ne. In ya ji ciwon kai da jiri, ya fita iska ya buga 911, lambar neman agajin gaggawa ta can.

In iska tana kaɗa dusar, ya zauna ciki. A Bafalo ta jihar Niyok a Amurka, a Disambar 2022, sama da mutum 40 guguwar dusa ta kashe, wasu a cikin motocinsu aka same su. Mota in dusa ta toshe mata salansa, hayaƙin ciki yake komawa.

Batun Juma'a, kada ya hana ki barci. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa a daren sanyi ko ruwa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan sa ladan ya ce a yi salla a gida. Ya sallaci azahar raka'a huɗu a ɗakinsa, sauran bayani malaminku na unguwa ya fi ni.

Wayar kuwa, na fi zaton caji ne ya ƙare, ko ya kashe ta don tattali. Ke ma da laifinki, Hajiya, in kiran bidiyo kike ta jero masa. Shi ke shanye batir. Ki sa a rubuta masa gajeren saƙo, ki kuma nemi lambar abokin zamansa ko wani ɗan Nijar da ke kusa da shi, irin lambar da ya kamata a ce tana hannunki tun ranar da ya sauka. Tsakaninmu da su awa 6 ne a lokacin sanyinsu, ƙarfe 2 na ranarmu ita ce 8 ta safiyarsu. Ki gwada bayan azahar.