Kada ki warkar da shi a babin ƙarshe

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kina rubuta labarin wani saurayi da aka haifa da raunin fahimta, kin kai tsakiya kin tsaya. Kina tambaya ko ki sa ya warke a ƙarshe ya zama haziƙi, duk masu raina shi su ji kunya, ko ki bar shi yadda Allah ya halicce shi, kuma ko akwai littafin da za ki duba. Ki yi haƙuri zan ja zance, don abin ya shafe ni. Autanmu da galahanga aka haife shi, yau gemu ya fito masa, kuma tun rasuwar Innarmu a hannuna yake. Shawarata ita ce kada ki warkar da shi.

Littafin da zan nuna miki shi ne Flowers for Algernon na Daniel Keyes, marubuci ɗan Amurka. Ya fara fitowa a matsayin gajeren labari a 1959, daga baya ya faɗaɗa shi ya zama cikakken littafi a 1966. Keyes ya taɓa koyar da yara masu irin wannan lalura, kuma ana jin hakan a rubutunsa. Tauraron labarin Charlie Gordon ne, ɗan shekara 32, mai share-share a wani gidan burodi. Makinsa a gwajin basira 68 ne, alhali matsakaicin mutum 100 yake samu, daga ƙasa da 70 kuma ake fara maganar rauni. Sai masu bincike suka yi masa tiyata a ƙwaƙwalwa, irin wadda suka fara gwadawa a kan wani ɓera mai suna Algernon. Cikin 'yan watanni makinsa ya haura 180, ya wuce waɗanda suka yi masa aikin. Ana cikin haka ɓeran ya fara rikicewa har ya mutu, Charlie da kansa ya yi lissafi ya gano cewa shi ma gangarowa zai yi, kuma ya gangaro.

Dabarar da za ta amfane ki ita ce duk littafin rahotanni ne da Charlie yake rubutawa da hannunsa. Na farko cike suke da kuskure, ko waƙafi babu. A hankali rubutun ya miƙe, ya yi zurfi, can kuma ya soma karyewa. Babu inda marubucin ya tsaya yana ce mana mu tausaya masa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne basirar ta zo da gudu, zuciyar kuwa ta ƙi bin ta. Charlie ya koyi harsuna da lissafi mai wuya, amma ya kasa zama da Alice, malamarsa da yake so, domin yaron nan da uwarsa Rose ta rena da duka da tsawa yana nan a cikinsa bai je ko'ina ba. Farkon abin da wayon ya ba shi baƙin ciki ne: ya gane abokan aikinsa da yake kira aminai dariya suke yi masa tun da can. Da ya fi su sani kuma sai suka tsorata, suka haɗa kai aka kore shi daga aiki. Akwai wurin da yake zaune a gidan abinci, wani yaro mai irin lalurarsa ta da ya fasa faranti, kowa ya bushe da dariya, shi ma ya taya su, sai ya farga da abin da ya yi ya miƙe yana faɗa. Wannan wurin na karanta na ajiye littafin na kasa ci gaba a ranar, don na san irin dariyar nan, na ji ta a gidajen biki. Daga baya ya fuskanci farfesan da yake alfahari kamar shi ya ƙera shi, ya nuna masa cewa shi mutum ne tun kafin wuƙa ta taɓa kansa. Masu buga littafi sun nemi Keyes ya canza ƙarshen, Charlie ya zauna da basirarsa ya auri Alice, ya ƙi. Da ya yarda, da tuni an manta da littafin.

Duk da haka ina da ƙorafi a kansa. Sai da Charlie ya zama gwani kafin ya iya faɗa mana zafin da yake ji, mu kuma muka saurare shi. Ƙanina ba zai taɓa rubuta rahoto ba, kuma babu tiyatar da take jiran sa. Saboda haka aikinki ya fi na Keyes wuya, idan har kina son gaskiya.

Kin san yadda aka saba a littattafanmu da ake turawa a WhatsApp da Wattpad. A aura wa yarinya "dolon gidan", ta yi ta haƙuri, can a gano kishiyar uwarsa ce ta yi masa asiri, a yi ruƙiyya ko a fita da shi waje, ya dawo mai kamfani da motoci. Masu karatu su yi ta murna. Ki tuna a cikinsu akwai uwar da ɗanta yake kwance a gefenta, abin da kika gaya mata shi ne ɗanta ba shi da daraja sai ranar da ya zama wani daban. Innarmu ta sha yawon masu magani, ta sayar da akuyoyinta, har akwai wanda ya ce mata ƙanina ɗan ruwa ne ta kai shi bakin kogi. Irin wannan fatan ne ya cinye mata shekarun da ya kamata a ce ana koya masa sa riga da wanke hannu.

Girman da kike nema ki nuna yana nan, ba a makin gwaji yake ba. Da can idan ran ƙanina ya ɓaci, duk abin da yake hannunsa jifa yake yi da shi. Yanzu fita yake yi ya zauna a zaure har ya huce, ya dawo ya ce mini "Yaya, na daina." An daɗe ƙwarai kafin a kai nan. Da Inna ta rasu, kullum sai ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana jira, mun yi bayani har mun gaji. Ranar da muka san ya gane, ba da baki ya faɗa ba. Asuba ta yi ya tashi ya cika buta ya kai wa Baba, aikin da ita take yi, kuma har gobe shi yake yi. Bai iya ƙirga canji ba, amma ya san wanda yake son sa da wanda yake mai da shi abin wasa. Akwai maƙwabciyar da ko tuwo ta aiko ba ya ci.

Kada kuma ki mai da shi waliyyi. Wannan ma raini ne. Ƙanina yana da taurin kai, yana kishi idan na ɗauki jaririn wata, yana ɓoye nama ya ce bai gani ba, kuma yana maganar aure, maganar da har yau take hana ni barci. Ki ba saurayinki laifinsa da son ransa kamar kowa.

Sai ki zaɓi dalilin lalurarsa ki san shi sosai, don ba duka ɗaya ba ne. Galahanga daga halitta take, ƙwayar gado ta 21 ce take zuwa uku maimakon biyu, mutum ya tashi da ƙwayoyin gado 47 maimakon 46, kuma kusan rabin yaran da ciwon zuciya ake haifar su. Wani doguwar naƙuda ce ta hana iska isa ƙwaƙwalwarsa, wani shawara ce ta jarirai da ba a kai asibiti da wuri ba, wani sanƙarau, wani ƙarancin sinadarin aidin a abincin uwa. A Zamfara a 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da yawa cikin waɗanda suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Kowanne da yadda yake tafiya da yadda yake magana. Kuma kada ki haɗa shi da taɓin hankali, kada ki sa shi yana tsince-tsince a bola.

Idan kina son wanda zai canza a labarin, ki duba mutanen gidan. Ko a littafin Keyes, bayan Charlie ya koma yadda yake ya dawo aiki gidan burodin, mutanen nan da suke masa dariya su ne suka tsaya masa da wani sabon ma'aikaci ya ci zarafinsa. A wurinmu ma akwai abin dogaro. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mace mai rauni a hankalinta ta ce wa Annabi (SAW) tana da buƙata, ya ce ta zaɓi hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama. Uban da yake ɓoye ɗansa idan baƙi sun zo, ranar da zai riƙe hannunsa su tafi masallacin Juma'a tare, wannan ya isa ya zama babin ƙarshe.

Kafin ki ci gaba, ki nemi wani gida da suke da irin wannan yaro, ki nemi izininsu, ki yini da su ba sau ɗaya ba. Ki saurari yadda yake haɗa kalmominsa, don a nan marubutanmu suka fi faɗuwa, sai su sa wa ƙato maganar ɗan shekara uku. Ki tambayi uwar abin da take tsoro. Yawancinsu abu ɗaya za su ce miki, wa zai riƙe shi bayan ransu. Allah ya yi miki jagora, ya sa albarka a alƙalaminki.