Ƙwaya ko allura? Hanyar da magani ke bi bayan an haɗiye shi

Wani mai karatu daga Tudun Wada ya rubuto: "Gwaji ya nuna ina da maleriya. Mai kemis ya ce in zaɓa, ƙwaya ko allura, allurar ta fi tsada. Abokaina sun ce ƙwaya a ciki take mutuwa. Wanne zan saya?"

Malam, idan kana iya ci da sha kuma ba ka amai, sayi ƙwayar, ka riƙe canjinka. Ƙwaya ba ta mutuwa a ciki. Hasali ma tumbi zango ne kawai: a nan take jiƙa ta farfashe ta narke, sannan ta gangara ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 6. Bangon hanjin nan cike yake da 'yan ƙananan tsiro kamar gashin tawul, su ne ke tsotse maganin zuwa jini. Daga nan jinin ba ya zarcewa jiki kai tsaye, sai ya fara bi ta hanta, ita kuma ta rage wani kaso. Masu haɗa magani sun san da wannan ragin, sun sa shi a lissafin ƙarfin kowace ƙwaya.

Inda mutane ke asara shi ne wajen shan ta. Maganin maleriya da aka fi bayarwa, haɗin artemether da lumefantrine, yana son maiƙo. Lumefantrine ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka in ka sha shi ciki ba komai, kaɗan ne zai shiga jini, saura ya wuce. Kwana biyu zazzaɓi ya lafa, bayan mako biyu ya dawo, sai a ce maganin jabu ne. Ka sha shi bayan abinci mai mai: ƙosai, madara, tuwo da miyar da ta ji man shanu. Sha shida ne cikin kwana 3. Na biyu yana zuwa awa 8 bayan na farko, sannan safe da yamma a sauran kwana biyun. Babban mutum yana shan ƙwaya 4 ta 20/120 a kowane sha, ko ƙwaya 1 ta 80/480, saboda haka duba lambar da ke jikin kwalin kafin ka biya. In ka yi amai cikin rabin awa da sha, sake shan wani.

Allura tana da ranarta: amai ba tsayawa, jijjiga, fita hayyaci. Amma wanda ya kai nan asibiti ya kamata a kai shi, ba bencin kemis ba.

Wata mai juna biyu daga Rigasa ta ce: "A wurin awo an ba ni maganin ƙarin jini. Da shayin safe nake haɗiye shi don kada ya tayar min da zuciya. Wata uku ke nan jinina bai ƙaru ba. In sayi na ruwa mai tsada?"

Hajiya, kafin ki kashe kuɗi, raba ƙwayar da shayin. Ganyen shayi yana da wani sinadari da ke kama ƙarfen da ke cikin maganin, wato sinadarin da jiki ke gina jini da shi, ya ɗaure shi, hanji ya kasa tsotsa. Madarar da ke cikin shayin ma tana ƙara tare hanya. Na ruwan da kike son saya shi ma ƙarfen ne a ciki, in kika bi shi da shayi labarin ɗaya ne. Ki sha da ruwa ko da lemon zaƙi, ki bar tazarar awa 2 tsakaninsa da shayi. In yana tayar miki da zuciya, ki mayar da shi dare bayan ɗan abinci. Bayan gida zai yi baƙi, ba abin tsoro ba ne. Ki kuma faɗa wa ma'aikaciyar awo a sake auna jinin, don ba kowane ƙarancin jini ne na rashin ƙarfe ba.

Tunda maganar ta zo: ciprofloxacin, wanda ake yawan sha da sunan taifod, ba ya shiri da fura da nono, da maganin ƙarin jini, da farin ruwan nan na olsa. A sha shi awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu.

Daga Barnawa: "Mahaifiyata ba ta iya haɗiye ƙwaya, sai na daka mata ta hawan jini a cokali."

Dakata tukuna, ka duba kwalin. In ka ga SR, XR ko Retard kusa da sunan, kamar yadda ake gani a wasu ƙwayoyin nifedipine na hawan jini, an gina ƙwayar ne ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan tsawon sa'o'i. Daka ta na nufin aikin yini ya afka jini lokaci guda, jiri ya kwashi Mama ta faɗi. Akwai kuma masu riga ta musamman da ke kare su daga ruwan tsamin tumbi har su isa hanji, irin 'yan ƙwayoyin da ke cikin kafson omeprazole na olsa. Su ma ba a tauna su. Kai kwalin ga likitanta ko masanin harhaɗa magunguna a canza mata wanda ake iya dakawa.

Wani daga Kawo ya tambaya ko mai tsada ya fi mai araha shiga jiki. In sunan sinadarin da ƙarfinsa ɗaya ne, kuma akwai lambar NAFDAC, farashi ba shi ne ma'auni ba. Ajiya ce abin dubawa. Yawancin kwalaye an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, zafin Kaduna na Maris da Afrilu kuwa ya wuce haka nesa. Katin da ya yini a faranti cikin rana a tasha, ko kafson da ya yi laushi ya manne da ledarsa, bar wa mai shi kayansa.