Amsa ga ɗana na Kano a kan karen da ke zubar da gashi

Assalamu alaikum ɗana. Ina fata kana lafiya, da maiɗakinka da yara. Ka gaishe mini da babanka da kyau.

Saƙonka ya iso. Na gane an ba ka kare irin na Jamus don gadi, yara sun shaƙu da shi har yana bin su falo, gashi ya cika kafet da kujeru, an fara tsintarsa a kan dardumar salla, maiɗakinka kuma ta ce ta gaji. Kana tambaya ko ka ware masa wurinsa, da kuma yadda mu Hausawan Sudan muke yi, tunda ka ji an ce gidajenmu ba sa rabuwa da kare. Ka fitar da shi daga ɗaki, ka bar shi a gida. Matarka tana da gaskiya, yaran ma ba su yi laifi ba.

Abin da ka ji gaskiya ne, amma sai ka san yadda gidan yake. Kakanninmu manoma ne da makiyaya. Wasu sun biyo ayarin hijira bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu hanyar Hajji ta kawo su a ƙafa, suka tsaya neman guzuri a gonakin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925, zama ya kama su. Mu nan Gadarif dawa da riɗi ne suka riƙe mu. Wanda ke da awaki a gida da amfanin gona a fili ba ya rasa kare, don akwai kura, akwai dila, akwai ɓarawo. Sai dai gidanmu fili ne mai faɗi da muke kira hosh. Bukkoki na gefe guda, ga rakuba, rumfar kara da ake wuni a ƙarƙashinta, can ƙarshe kuma ga zariba inda dabbobi ke kwana. Wurin kare bakin zariba ne. Tun yana ɗan kwikwiyo ake koya masa iyakarsa: ba ya hawa angarib, gadon igiyar da muke fitarwa tsakar gida da zafi, ba ya taka tabarma, ba ya leƙa madafa. Shi ya sa maganar gashi ba ta taɓa zama rigima a gidajenmu ba. Iska ce ke kwashe shi, sauran tsintsiya ta ƙarasa.

Wuri ɗaya ne ake fama da shi kullum, gindin zir. Tulun ruwanmu ke nan, ana ɗora shi a kan ƙarfe mai ƙafa uku, yana tsatso ta ƙasa ɗigo-ɗigo cikin kwano, ƙasar wurin kuma kullum da danshi. Da rana ta take, kare zai lallaɓo ya shimfiɗa cikinsa a sanyin nan, in aka yi sake ya sa baki a kwanon. Mata ba sa dukansa a kan haka. Sukan kewaye wurin da ɗan shinge, su je inuwarsa su kwara ruwa a ƙasa, ya samu sanyin da ya zo nema. In akwai randa a gidanka, ka lura, za ka ga haka.

Na san abin da ya fi ci maka rai shi ne salla. Mu da ku duk Malikawa ne, littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano su muke karantawa a nan. A mazhabar Imam Malik kare mai rai ba najasa ba ne, jikinsa da gashinsa har da yawunsa. Wanke kwanon da ya sa wa baki sau bakwai bin umarni ne na ibada. Shafi'awa da Hanbalawa sun tsananta fiye da haka, don haka za ka ji wanda ya yi karatu a Makka ko Madina yana faɗin daban, ko da yake Ibn Taimiyya ma ya rinjayar da cewa gashin mai tsarki ne, yawun ne najasa. Saboda haka gashin da maiɗakinka ta gani a darduma bai ɓata sallar kowa ba, a kakkaɓe a yi salla.

Amma tsarkin gashi bai buɗe wa kare ƙofar ɗaki ba. Hadisi ya inganta cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare, kuma wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa na raguwa kullum. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo wannan hukunci. Gadin gida malamai sun yi saɓani a kai, da yawa sun halatta in akwai buƙata. Masu sharhin Risala ma sun kawo cewa shi kansa mai littafin ya ajiye kare lokacin da katangarsa ta faɗi, da aka yi masa magana ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Ni a ganina mai gida a birni yau yana da uzuri. Karen Ashabul Kahfi ma, Alƙur'ani ya ce a bakin ƙofa ya shimfiɗa hannuwansa.

Yanzu gashin kansa. Karnukanmu na nan gajeren gashi gare su, ba kitse, an haife su cikin zafin da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Naka kuwa jinin ƙasar sanyi ne, gashinsa hawa biyu: na sama mai kauri, na ƙasa mai laushi kamar auduga. Na ƙasan nan yake zubarwa duk shekara, ya fi yawa in yanayi ya juya, musamman in hunturu ya wuce bazara ta kawo kai. Babu maganin da zai tsayar da wannan, halittarsa ce. Abin yi shi ne ka riga iska kwashewa. Da sassafe a fitar da shi waje, a tsayar da shi a kan tsohon buhu, a taje shi da buroshi daga wuya zuwa wutsiya, a dage a cinyoyi da bayan kunne inda yake cunkushewa. Za ka ga yana fita dunƙule-dunƙule. A naɗe buhun a zubar. Kada wani ya ba ka shawarar aske shi tas don zafi, gashin saman ne ke kare fatarsa daga rana. Wanka kuma jefi-jefi, ban da omo, don yana busar da fata zubar ta ƙaru.

Ka bambance wannan da zubar ciwo. In ka ga fata ta bayyana fili-fili, yana susa ba hutawa, ko gefen kunnuwa ya yi ɓawo, to ƙazuwa ce ko ƙuma ko kaska, sai likitan dabbobi. Haka in tuwo da ƙanzo kaɗai yake ci, gashi zai dushe ya yi ta kakkaryewa. A riƙa haɗa masa da dafaffen nama, kifi ko ƙwai.

Akwai abin da ya fi gashin haɗari, mu nan mun san shi saboda raƙuma da tumaki. Wani lokaci in an yanka dabba aka buɗe hanta ko huhu, sai a ga ƙulli fari cike da ruwa. Mutum ya yanke wurin ya jefa wa kare, yana ganin ya yi sadaka. Tsutsa ce a ciki. Tana girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita a kashinsa ya manne a gashi, yaro ya shafa ya sa hannu a baki, bayan shekaru irin ƙullin ya fito masa a hanta, wani sai an yi tiyata. Ran layya ka tsaya da kanka, duk kayan cikin da ka ga haka a ƙone ko a binne da zurfi. A ba kare maganin tsutsa a kai a kai, yara su wanke hannu da sabulu in sun taɓa shi. Allurar haukan kare kuma tun yana wata 3, sannan duk shekara. Mu tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 samun allura da magani ya zama wahala a wurare da yawa. Ku da kuke da asibitin dabbobi a kusa, kada ku yi wasa. In ya ciji wani, ko da wasa ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti ran nan.

Ɗakin da za ka yi masa, inuwa ce gaba da komai. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, akurkin kwano a tsakiyar rana kashe shi zai yi. Ka nemi gindin darbejiya ko gefen katangar da rana ba ta duka da yamma. In kwano za ka rufa, ka ɗora zana a kai. Faɗin ya isa ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa. Daɓen siminti mai ɗan gangare don wanki, katako a ɗage ya kwanta a kai, ƙofa ta juya wa iskar hunturu baya, ruwa mai tsabta ba yankewa.

Inda nake jin tsoro shi ne a gina ɗakin a manta da mai ɗakin. Na sha ganin kare a ɗaure da gajeriyar sarƙa dare da rana, wuya ya saɓule, kwano a bushe, ana cewa ai gadi yake. Wannan zalunci ne, kuma Allah zai tambaya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare, da wadda ta shiga wuta don ta kulle kyanwa. Irin naka ma ba ya jure kaɗaici, in aka yasar da shi sai haushi ba dalili, daga nan sai cizo. Ka sa ɗakin inda zai riƙa hango mutanen gida, a sake shi da dare ya zaga, a fita da shi da yamma.

Kwanakin farko zai yi kuka a bakin ƙofar falo, yara su zo suna roƙo. Kada ka sassauta ko sau ɗaya, don in ya shiga yau gobe ba zai gane dalilin hani ba. Abincinsa a kai masa can, wasa da shi a can. Babban yaron ka ba shi aikin tajewa, ƙaramin ya riƙa duba ruwa, kai kuma ka riƙe katin allura. In an gama ginin ka turo mini hoto in ga inda inuwa take faɗawa da azahar.

Baffanka, daga Gadarif.