Hawan Dutsen Ben Nevis a Watan Oktoba: Yaya Zan Taka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne daga Kano, ina karatu a Glasgow. Abokaina sun shirya mu hau dutsen Ben Nevis a ƙarshen Oktoba. Na ji ana cewa tafiya cikin natsuwa, inda mutum yake bin numfashinsa da takunsa, tana kwantar da hankali, kuma ina so in gwada. Sai dai ban taɓa hawa abin da ya wuce Dala ba. Yaya ake yi, kuma akwai haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Haɗari kam akwai shi, amma natsuwar da kake nema ita ce babbar kariyarka, muddin ka fahimce ta daidai. Wasu sun ɗauka ita ce mutum ya nutse cikin tunaninsa ya manta da duniya. A kan dutse wannan ne ke kayar da mutum. Abin da ake so shi ne hankalinka ya zauna a wuri uku: inda ƙafarka za ta sauka, yadda numfashinka yake fita, da abin da sama take shirin yi.

Ben Nevis shi ne dutse mafi tsayi a Birtaniya, mita 1,345, kuma kusan daga matakin teku ake fara hawansa. Hanyar da yawancin mutane ke bi tana tashi daga kwarin Glen Nevis kusa da garin Fort William, zuwa da dawowa kimanin kilomita 16, awa 7 zuwa 9 ga wanda bai saba ba. Ka ga ashe ba Dala ba ce.

Wajen hawa, ka gajarta taku har sai ka ji kamar kana wasa. Ka ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, ban da tafiya a kan yatsu, don ita ke gajiyar da tsokar bayan ƙafa tun da wuri. Sai ka haɗa taku da numfashi: taku biyu ka ja, taku biyu ka saki. Ma'aunin saurinka shi ne magana. Idan ba ka iya gaya wa na kusa da kai jimla guda ba tare da haki ba, ka yi sauri. Inda hanya ta miƙe sosai, akwai dabarar da masu hawan manyan duwatsu ke yi: bayan kowane taku ka miƙe gwiwar ƙafar baya, nauyinka ya hau kan ƙashi na ɗan daƙiƙa, cinya ta huta, sannan ka ɗaga. Samari za su wuce ka da gudu a awar farko. Ƙyale su, sannu ba ta hana zuwa, sau da yawa za ka tarar da su zaune kusa da ɗan tafkin da ke wajen rabin hanya. Idonka ya riƙa gaba da taku biyu ko uku. In kana son kallon kwari ko ɗaukar hoto, tsaya cak tukuna. Iyafis kuwa a bar shi a jaka.

Saukowa ce ta fi damuna. A nan ne ƙafa ta gaji, hankali ya riga ya tafi wajen abinci da ɗaki mai ɗumi, ga duwatsun hanyar jiƙe sharkaf da ruwan Oktoba. Kafin ka fara, ƙara ɗaure igiyar takalmi don kada yatsu su riƙa dukan gaba. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere, kuma kada ka jingina baya saboda tsoron gangara, domin hakan ne ke sa diddige ya zame. Sanduna biyu na tafiya suna rage wa gwiwa nauyi ƙwarai.

Sai lokaci. A ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogon Birtaniya baya da awa ɗaya, daga nan rana kan faɗi a Fort William kafin ƙarfe 5. Ku tashi da wayewar gari, kuma ku yi yarjejeniya tun a ƙasa: idan Azahar ta shiga ba ku kai ƙololuwa ba, ku juya, ko da saura kaɗan. Kowa ya riƙe tocilar goshi tasa. Ta waya ba abin dogaro ba ce, sanyi na cinye batir.

Sanyin ma ba irin na cikin gari ba ne. Zafin iska na raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000, ga iska, ga ruwa, kuma dusar ƙanƙara na iya sauka a saman tun a Oktoba. Kada ka sa wandon jins ko rigar auduga a jikin fata, suna riƙe gumi su sanyaya ka. Riga kan riga ta ulu ko ta roba, jaket da wando masu hana ruwa, hula, safar hannu, takalmi mai riƙe idon sawu. Dabino, gyaɗa da shayi a filas sun isa guzuri, a riƙa ci kaɗan-kaɗan. Ku kuma lura da juna: wanda ya fara karkarwa, harshensa ya yi nauyi, yana tuntuɓe ko magana ba kan gado, sanyi ya shiga jikinsa. A ƙara masa tufafi, a ba shi abu mai ɗumi, a sauka.

Saman dutsen fili ne mai duwatsu, yawancin kwanaki cikin hazo, ga gaɓa mai zurfin ɗaruruwan mita a arewa, ga kwazazzabon Five Finger Gully da ke jan masu saukowa idan suka kauce hagu. Dole a cikinku a sami wanda ya iya taswira da kamfas. Wajen saukowa, daga alamar ƙololuwa ana bin digiri 231 a kamfas na tsawon mita 150, sannan a koma 282. Idan hasashen yanayin duwatsu na Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, ya nuna ƙanƙara ko iska mai ƙarfi, ku fasa. Wannan aikin masu ƙarafan takalmi da gatarin ƙanƙara ne. In wani abu ya faru, a kira 999, a nemi 'yan sanda, sannan a ce masu ceto a dutse.

Da ni ne kai, kafin ranar zan hau jirgin ƙasa ko bas zuwa gefen tafkin Loch Lomond in gwada Conic Hill, mita 361, in kuma da hali Ben Lomond, mita 974. A can za ka san ko takalminka na cizo, ka kuma saba da haɗa taku da numfashi inda kuskure ba ya tsada. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.