Tambaya da Amsa: Inna Ta Fara Ce Mini Ɓarauniya

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyata tana da shekara 78, tana wurina tun rasuwar Baba. Da farko mantuwa ce 'yar kaɗan, ta ɗora tukunya ta manta, ko ta yi azahar sau biyu. Yanzu kuwa sai ta ƙulle kuɗinta a tsumma, ta cusa ƙarƙashin katifa, in ta nema ta rasa ta ce ni na sace, a gaban 'ya'yana. Magariba na gabatowa sai ta yafa mayafi wai za ta gida, gidan da aka sayar tuntuni. Yayyena biyu suna Abuja da Legas, sai dai su turo kuɗi su bi ni da faɗa a waya. Maƙwabta sun ce iska ce. Ran nan na daka mata tsawa, na kwana ina kuka. Ya zan yi? Daga wata ƙanwarki a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Share hawayenki. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, amma ranar da kakata ta kalle ni ta ce "'yar wa ce ke?" sai da na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Abin da kika zayyana ya yi kama da cutar mantuwa, wadda ke cin ƙwaƙwalwa a hankali, kuma nau'inta da ya fi yawa shi ne Alzheimer. Ba kowane tsoho take kamawa ba. Addu'a kam a ci gaba, amma a haɗa da likita, ga asibitin koyarwa na Shika kusa da ke, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Ki tafi da duk magungunan da take sha a leda ɗaya. Dalilina shi ne akwai abubuwan da ke rikita tsoho kuma suna warkewa, kamar ciwon mafitsara, ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ko wani maganin da ya yi mata ƙarfi. In kuwa cutar ce, maganin da ake bayarwa sassauci yake kawowa, ba ya warkarwa. Kada wani mai magani ya cinye muku kuɗi da alkawari.

Maganar sata, kada ki tsaya rantse-rantse. A wurinta kuɗin sun ɓace da gaske, ke ce kuma kullum a gabanta, dole ke za ta kama. Ki ce, "Inna, zo mu duba tare." Ki san maɓoyarta, ki bar mata 'yan canji, sauran ki adana. Ki zaunar da yaran ki faɗa musu kakarsu ba ta da lafiya, don kada su raina ki ko su raina ta.

Rikicewar yamma kuwa sananniya ce a wannan cuta. Ki kunna fitila tun kafin duhu, ki ba ta aikin hannu, tsintar wake ko jan carbi. In ta ce za ta gida, ki ce, "To, mu sha kunu tukuna." Ki sa sakata can sama a ƙofar zaure, ki ɗinka lambar wayarki a cikin mayafinta, ki sanar da masu shagunan layinku.

Sai yayyenki. Su ma ita ta haife su, kuma kuɗin da suke turowa ba ya raba dare da ke. Ki sa kawunku ko gwaggonku ya kira zama, a yanke abu takamaimai: wa zai biya mai aiki da za ta kama miki da rana, wa zai ɗauki magani, wa zai zo ya kwana da ita ki samu barci. Ban so a riƙa yawo da ita gari-gari, canjin wuri yana ƙara rikita ta. Su zo inda take. Wanda ya fi faɗa a waya, a fara ba shi kwana uku.