Kafin ka cike fom, je ka gai da malamin

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana son yin digiri na biyu a tarihi, kana tambaya ko al'adar zuwa gai da malami kafin a cike fom tana nan, ko za a ɗauke ta neman alfarma.

Tana nan, kuma ba neman alfarma ba ce. A Sakkwato tun karatun zaure, malami ɗalibi ke zaɓa, ya je ya gaishe shi, ya faɗi littafin da yake son ɗauka. Digiri na biyu ma kusan shekara 2 za ka yi a hannun mai duba kundinka. Ka nemo rubuce-rubucen malaman sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ka karanta tukuna. Sannan ka same shi a ofis, ba gida ba, da shafi 2: batunka, shekarun da zai ƙunsa, da inda takardun suke. Kada ka riƙa masa komai. Goro na zaure ne, a jami'a ana iya yi masa wata fassara. Sashe ne ke raba ɗalibai ga malamai, amma wanda aka san batunsa ya fi samun wanda ya dace da shi.

Batun ne kuma zai nuna maka jami'a. In kana son Daular Usmaniyya, daga jihadin 1804 zuwa shigowar Turawa a 1903, zauna gida, ga Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu kusa da kai. Amma sai da Larabci da ajami, da iya karanta rubutun hannu irin na magabata. Wanda ya dogara da fassarar wasu, maimaita su kawai zai yi, kuma ranar kare kundi ake gane shi. In zamanin Turawa ne, fayilolin lardin Sakkwato suna Ma'adanar Takardu ta Ƙasa a Kaduna, ga Arewa House ta Jami'ar Ahmadu Bello a garin, sai ka duba Zariya ko ka tanadi kuɗin mota da masauki.

Inda al'ada ta fi nauyi shi ne gidajen malamai masu littattafan gado. Ka je tare da wanda suka sani. Zuwan farko gaisuwa ce kawai, kada ka fito da waya. Nan ne goro ke da muhalli. In an buɗe maka gafaka, ka zauna da alwala, ka tuna warƙoƙin ba a ɗinke suke ba. Kalmar da ke ƙasan shafi ita ke nuna wanda ke biye, in ka hargitsa su ka ɓata littafi. Ka nemi izini kafin hoto, kada ka nemi aro, ka kai musu kwafin abin da ka rubuta. Gidajen da suka rufe ƙofa, yawanci wani ne ya ara bai mayar ba.

Ka nemi takardar sakamakonka da wuri, ita ke maƙalewa, ka haɗa da shaidar bautar ƙasa. Aiki kuwa, ba zan ɓoye maka ba, guraben kaɗan ne: koyarwa a kwalejin ilimi irin ta Shehu Shagari, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ma'adanar takardu, aikin jarida. In jami'a kake hange, sai ka shirya wa digiri na uku tun yanzu.

Kawunka